Wushiryar da ke ƙara faɗi

Wata Hajiya mai shagon atamfa a Kantin Kwari ta zo mini da buƙata ɗaya, a sa mata waya a haɗe haƙoran gaba kafin bikin 'yarta. Tun tana budurwa take da wushirya, abin ado ce ma a wurinta, sai dai a 'yan shekarun nan kullum ƙara buɗewa take yi. A ido dasashinta ba laifi. Har na ɗauki biro zan tura ta wurin abokin aikina mai daidaita jerin haƙora, Allah ya taimake ni na ce bari dai in auna.

Akwai wani siririn ƙarfe mai alamun milimita da muke zurawa tsakanin haƙori da dasashi. A baki mai lafiya ba ya wuce 3. Nata sai da ya nutse 6, wani wurin 7, jini na biyo shi. Hoton X-ray ya nuna ƙashin da ke riƙe da saiwoyin ya zaizaye kusan rabi. Katanga ce ruwa ya cinye gindinta, shi ya sa haƙoran ke rarrabuwa.

"Hajiya, ana auna miki suga kuwa?"

"Likita, me ya haɗa suga da haƙori?"

Alaƙa kuwa babba. Sugan da ba a shawo kansa ba yana rura cutar dasashi, ita kuma cutar tana hana sugan daidaituwa. Da aka gwada, ya hau sosai.

Mu uku muka zauna, ni da mai waya da likitan suga, muka jera aikin. Suga tukuna, sai kankare dauɗar da ta daskare a ƙarƙashin dasashi, a jira wata uku a sake awo. Jan haƙori da waya alhali dasashi na kumbure ƙara cin ƙashin yake yi, kuma wanda ya tafi da wuya ya dawo. Haƙorin turmi ɗaya ya riga ya gama girgiɗi, dole muka cire shi. Nan take na cike gurbin da garin ƙashi, don in aka bar shi haka faɗinsa kan iya raguwa da rabi cikin shekara guda, ranar da za a dasa sabon haƙori a rasa inda zai kama.

Ranta bai so jiran ba, har cewa ta yi mun cika tsirfa. Da wushiryarta ta yi hotunan biki. Sai bayan Babbar Sallah aka sa wayar, ita ma a hankali ake ɗaure ta.