Godiya ga duk wanda ya ɗora mana tukunya lokacin ambaliyar Maiduguri

Assalamu alaikum jama'a. Tuntuni nake son yin wannan rubutu amma hankali bai kwanta ba sai yanzu da muka koma gida muka kwashe laka. A madadina da iyalina da maƙwabtanmu na Gwange ina miƙa godiya ga duk wanda ya ciyar da mu tun daga wayewar garin Talata 10 ga Satumba 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya shigo mana gari muna barci. Dattawanmu sun ce rabonsu da ganin irinsa tun 1994.

Da kayan jikinmu kawai muka fita, ɗan gero da masarar da aka ajiye a ɗaki duk sun jiƙe sun ruɓe, Monday Market ita ma ruwa ya shanye ta, to ko da kuɗinka a aljihu ina za ka je ka saya? Shi ya sa ni godiyata ta fi ƙarfi wajen waɗanda suka kawo DAFAFFEN abinci. Ɗanyar shinkafa alheri ce babba ba mu raina ba, amma a kwanakin farkon nan me za ta yi wa mutumin da ba tukunya ba gawayi ba itace, ko busasshiyar ashana babu?

Iyayenmu mata na unguwannin da ruwa bai kai ba, wallahi ban san da wane baki zan gode muku ba. Ku tashi tun asuba ku dafa shinkafa da wake ku ƙulla a leda da ɗan mai da yaji, samari su loda a keke napep har inda ruwa ya tare hanya, daga nan su ɗora a ka su ƙarasa da ƙafa, kuma kowa ya san tsadar da shinkafa take yi a ƙasar nan a lokacin, wasunku abincin 'ya'yansu suka raba biyu. Akwai wata Hajiya da ta ga ƙaramar 'yata tana ta kuka ta ƙi cin komai, sai ta ce min "Malam ai wannan kunu take so, shinkafa ba za ta shiga ba", ta tafi can sai ga ta da fulas na kunun gyada da zafinsa. Ko sunanta ban tambaya ba saboda ruɗewa. Hajiya in wannan saƙo ya iso gare ki, Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara.

Muna godiya ga sojoji da matasan da suka yi ta kwaso mutane da manyan motoci da kwalekwale, da Gwamna Zulum da ya sa aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi, da ma'aikatan hukumomin agajin gaggawa NEMA da SEMA, da na Red Cross, da hukumar abinci ta duniya WFP da ta kafa wuraren girki a sansanoni. Haka su Alhaji Aminu Dantata da Alhaji Aliko Dangote da suka ba da maƙudan kuɗi, da 'yan'uwa na Kano da Bauchi da sauran garuruwa da suka yi karo-karo, har mai naira dubu ɗaya ya turo.

Sai dai gaskiya a faɗe ta, akwai masu zuwa da katan ɗin taliya ɗaya sai ɗaukar hoto kamar biki, akwai kuma waɗanda ruwa ko ƙofar gidansu bai taɓa ba amma su ne a gaban layi suna ture tsofaffi da masu goyo. Mun bar su da Allah.

Har yanzu akwai maƙwabtanmu da gidansu na ƙasa ya rushe gaba ɗaya suna raɓe a gidajen dangi, ga kwalara da ta biyo baya, don Allah wanda yake da hali kar ya ɗauke hannu tukuna, musamman ruwan sha mai tsafta da hatsi. Waɗanda muka rasa Allah ya jiƙansu ya karɓi shahadarsu, ku kuma Allah ya saka muku da mafificin alheri, amin.