Makullin gidan da aka sayar

Sai da na yi wata uku ina aiki a gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila kafin na gane cewa tsufa a ƙasar nan da kuɗi ake yin sa. Ni a zatona tunda asibiti kyauta ne, duk wanda ƙarfinsa ya ƙare gwamnati ce za ta ɗauke shi har kabari.

Wata tsohuwa mai ciwon mantuwa ce ta buɗe min ido. Kullum da la'asar sai ta sa rigar sanyinta, ta rataya jaka, ta tsaya bakin ƙofa tana juya makulli a hannu, wai a kira mata mota za ta gida. Rannan na ce wa 'yarta, "Me zai hana ki kai ta ta ga gidan ko sau ɗaya?" Ta yi jim, sannan ta ce ai bara aka sayar da shi, da kuɗinsa ake biyan ɗakin da muke tsaye a ciki. A wurinmu kuɗin mako guda ya haura fam 1,000.

Daga nan na shiga tambaya. Ashe hukumar lafiya ta NHS ciwo take dubawa. Wanka, ciyarwa, sa kaya, ɗaga mutum daga gado, wato aikin da nake yi, wannan yana hannun ƙaramar hukuma, ita kuma sai ta leƙa aljihunka tukuna. In dukiyarka ta wuce fam 23,250, kai za ka biya komai. In ta gaza fam 14,250 ba a taɓa ajiyarka, amma yawancin fanshonka can zai tafi. Gidanka ma ana lissafawa da shi idan ka koma gidan tsofaffi dungurungum, sai fa in mijinki ko matarka na zaune a ciki. Tun 2010 adadin nan bai motsa ba, alhali komai ya yi tsada. An taɓa yin alkawarin cewa ba wanda zai kashe sama da fam 86,000 a kan kulawar, aka yi ta ɗagawa, a Yulin 2024 aka soke shi. Masu dabarar rubuta wa 'ya'ya gida da wuri kuwa, in hukuma ta ga don gudun biya aka yi, za ta lissafa kamar gidan yana hannunka.

Duk da haka na ce ina ruwana, ni dai gida zan koma in tsufa cikin dangi. Na faɗa wa wata abokiyar aikina da ta girme ni, wadda ta shekara ashirin a nan. Ta yi dariya ta ce, "Ƙanwata, kowa haka ya ce ranar da ya sauka. Su wa za ki tarar? 'Ya'yanki nan suke girma." Ita ta faɗa min cewa fanshon gwamnati sai ka yi shekara 10 kana biyan harajin inshora kafin ka samu ko kwabo, cikakkensa kuma sai shekara 35. Ni ina da 41 na zo, ko ban yi fashin rana ɗaya ba, ba zan cika su kafin lokacin ritaya ba. Wanda ya fi ci min rai shi ne, in ka koma ƙasar da ba ta da yarjejeniya da Birtaniya, irin Najeriya, za a ci gaba da biyan ka amma ba ƙari, yadda aka fara haka zai tsaya.

Ga wautar da na tafka: makon farko na cire kaina daga fanshon wurin aiki don kuɗin da nake aikawa gida ya ɗan yi auki. Kashi 5 ake cira daga albashina, mai aikin ya ɗora kashi 3, wato kyauta na mayar masa da hannuna. Na koma ciki, na zaɓi asusun da ba ya harkar kuɗin ruwa. Na kuma buɗe wata ajiya daban da ba na taɓawa ko waya ta yi ta kuka daga gida, abin da ya jawo min sunan marowaciya a wajen wasu.

Saura takardar wakilci. A nan aure kaɗai ba ya ba miji ikon taɓa asusun matarsa in hankalinta ya gushe, sai an rubuta tun tana da lafiya, an kuma yi rajista, in ba haka ba sai kotu. Na buga takardun na kawo gida. Maigidana ya duba shafin farko, ya ture, ya ce, "Ke dai ki daina yi mana fatan tsiya." Wata biyu ke nan suna kan firij, ƙarƙashin takardar kuɗin wuta.