Abin da na bari a sashen masu hawan jinin huhu

Yanzu da zan ajiye aikin kine, wato jinya ta motsa jiki da tausa, a Damagaram, masu hawan jinin huhu ne suka fi tsaya mini a rai, da yadda aka hana ni taɓa su.

Shugaban sashenmu dokarsa ɗaya ce: mai wannan ciwo ya kwanta, ko bayi kada ya je da ƙafarsa. Na san tushen tsoronsa. Jijiyoyin da ke kai jini huhu sun ƙuntata, ɓangaren dama na zuciya yana turawa da ƙyar, aikin ƙarfi kuma na iya sumar da mutum. Haka aka koyar da likitoci a da. Amma tun 2006 aka gwada a Heidelberg ta Jamus: majinyatan da ciwonsu ya lafa da magani suka yi mako 15 suna motsa jiki sannu-sannu ana sa musu ido, tazarar da suke takawa cikin minti 6 ta ƙaru da kusan mita 100. Na kai wa shugaban takardar gwajin, ko buɗe ta bai yi ba. A gaban ɗalibai da majinyata ya ce aikina tausa ne, in bar zuciya ga masu ita.

Wata budurwa mai amosanin jini da hawan jinin huhu ta zo mana da ƙafarta, tana haki amma tana tafiya. Makonni tana gado, cinyoyinta suka zube, ko zaune ba ta tashi sai an kama ta. Naman jikin da ya yi rauni ɗan aiki kaɗan yake gajiyar da shi, hakin ya ƙaru, sai a ce ciwon ne ya yi gaba. Mahaifiyarta ta tare ni ta ce, "Malam, don Allah ba za ku ɗan tsayar da ita ba?" Na ce, "Inna, sai Dokta ya yarda." Har aka sallame ta bai yarda ba.

Ga abokan aikin da na bari: a auna tafiyar minti 6 a baranda, da na'urar iskar jini a yatsa. Da jiri ko ciwon ƙirji ya taso, a tsaya. Duk da wahalar ruwan garin nan, kada majinyatan su ɗaga bidon ruwa suna riƙe numfashi. Da bazara motsa jikin sai bayan asuba, ranar ƙurar hunturu kuwa cikin ɗaki. Tansiyon hannu, wato awon hawan jini da aka saba, yana iya fitowa daidai ko da akwai hawan jinin huhu, saboda haka mai haki ba dalili a tura shi hoton zuciya.

Wanda ya gaje ni ya nemi izinin shugaban a rubuce, da sa hannu, domin in da baki ne gobe zai ce bai taɓa hana kowa ba.