Godiya bayan dawowar Yaya daga Indiya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, Yaya ya iso gida ranar Lahadi, da ƙafarsa ya shigo zaure. Hajiya ce ta ce in rubuto wannan, don ba za mu iya bin kowa gida gida ba.

Wata 3 aka yi ana ba shi maganin tibi. Haki yake yi ko daga alwala ya taso, ƙafafu sun kumbura, ruwa ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciyarsa. Sau 2 aka zuƙe, yana fitowa jajir da jini, ya sake taruwa. Ba mu riƙe kowa a zuciya ba, domin a ƙasarmu tibi ce ta fi kawo irin wannan ruwa.

Godiyarmu ta farko ga wata matashiyar likita ce, wadda hankalinta bai kwanta ba ta ce a sake hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura. A nan aka hango ƙari a ɗakin sama na dama na zuciya. Ta zaunar da ni ta ce yawancin ƙarin da ke tsirowa a zuciya ba kansa (ciwon daji) ba ne, amma na wannan ɓangaren abin tsoro ne. Bayan hoton MRI da gwajin tsokar da aka yanko, sunan ya fito: anjiyosakoma, kansar da ke tasowa daga bangon jijiyoyin jini. Likita, ba ki ɓoye mana komai ba, kuma ba ki firgita mu ba. Allah ya saka miki da Aljanna.

A Delhi aka yi tiyatar, na'ura ta riƙe aikin zuciya da huhu har aka cire ƙarin aka yi wa bangon faci. Ɗaliban Hausawa da suka yi mana tafinta, suka kawo tuwo da miyar kuka har gadon asibiti, Allah ya ba ku ilimi mai albarka. 'Yan kasuwarsu, jama'ar masallacin unguwa, da baiwar Allahn da ta turo naira 2,000 tana ba da haƙuri wai ba yawa, duk mun gode. Baiwar Allah, Hajiya ta yi kuka da ta ji saƙonki.

Likitoci sun gaya mana cutar tana iya dawowa, don haka zai ci gaba da karɓar allurar kemo, wato maganin kansa, a nan gida. Masu zuwa dubiya a yi mana uzuri, garkuwar jikinsa ta yi rauni, mai mura ya kira a waya. A ci gaba da sa shi a addu'a.