Yadda na koma neman tsofaffin gem, da abun da wuta da ƙura suka koya mun

Gem ɗin da na fara riƙewa a rayuwata ba na Nintendo ba ne na ainihi, amma a lokacin ba wanda ya san haka a gidanmu. Irin kwaikwayon nan ne ɗan China, baƙi, da bindigar roba, da kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wai wasa 9999999 ne a cikinsa, in ka kunna sai ka tarar basu fi goma sha ba, ake ta maimaita maka su ana canza suna. Yayana ne ya sayo shi a Sabon Gari wajen 1997, kuma wallahi har yau in na rufe ido ina jin kiɗan Mario da ƙarar tankar yaƙin nan da muke tsare mikiya ni da shi, Umma na daga tsakar gida tana cewa a kashe a tafi masallaci an kira magariba. Sai da na girma na gane cewa wannan akwatin kwafin Famicom ne, wanda Nintendo suka fitar a Japan a 1983, aka sake masa jiki aka kai shi Amurka a 1985 da sunan NES. Kenan abun da muke ɗauka sabon yayi ya shekara goma sha huɗu a duniya kafin ya iso ɗakinmu.

Abun da ya mayar da ni wannan harka kuwa ba wani shiri na yi ba. Na je wajen 'yan gwangwan ne neman wani ƙarfe, sai na hango Sega Mega Drive a cikin tarin rediyoyi da fankoki, ƙura ta rufe shi har ba a ganin rubutun 16-BIT ɗin da ke samansa. Nace da mai wajen, Malam wannan fa? Yace Alhaji bamu gwada ba, kawo abun da ya sawwaƙa. Na biya na ɗauko, ba hannu, ba waya, ba kaset, injin kawai. Daga ranar kuma shikenan, duk inda na ga kayan gwanjo ko kayan Beljiyam sai na tsaya na leƙa.

Darasin farko wuta ce ta koya mun shi, kuma da tsada. Na samu Super Famicom, wato magajin Famicom, ɗan Japan cikakke, da hannayensa biyu da adaftarsa ta asali, murna ta hana ni karanta abun da aka rubuta a bayan adaftar, na jona a soket kai tsaye, ko minti ɗaya ba a yi ba na ji ƙauri. Japan wutarsu 100V ce, Amurka 120V, mu kuma tamu 230V, wato na ɗura mata fiye da ninki biyu na abun da aka yi ta dominsa. Allah ya taimaka adaftar ce kawai ta tafi, injin bai taɓu ba. To a nan ne na sake yin kuskure na biyu, na sayo irin adaftar nan mai baki da yawa da ake juya mata maɓalli, na saita lamba na jona, shiru. Ashe bayan yawan wutar akwai maganar wane ɓangare ne fositif wane ne negetif a bakin filogin. Famicom da Super Famicom da Mega Drive na farko duk tsakiyar bakin nasu negetif ne, alhali yawancin adaftocin da ke kasuwa yanzu tsakiyar fositif ce. Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya buɗe mun shi, ya auna, ya canza fiyus da ɗan ƙaramin regileta mai lamba 7805, sannan ya ɗago kai yace, yaro, kafin ka jona komai ka duba ɗan zanen nan da ke bayansa, ba dan ado aka yi shi ba. Nace Baba na ji. Kuma na ji ɗin, dan yanzu kowace adafta a ɗakina na manna mata takarda da sunan injin da take yi wa aiki, saboda akwai wani tarkon ma, adaftar NES wutar AC take fitarwa, in ka kuskura ka saka ta a Famicom dan ka ga duk 'yan gida ɗaya ne, ka ƙona shi. Sannan ban ƙara kunna komai da zarar an kawo wuta ba, sai na bari ta zauna tukun, kuma duk ta cikin sitabilaiza suke bi, in janareta ne ma nakan haƙura.

Bayan wuta sai talabijin. Wannan gaskiya shi ne abun da na fi jan hankalin duk wanda ya tambaye ni a kai. Na fara da jona Sega ɗin a fulasma, hoton ya fito a baje, gefen komai ya yi zartsi-zartsi kamar an yanka da almakashi mara kaifi, kuma in ka danna tsalle sai ka ji kamar Sonic, ɗan bushiyar nan mai gudu na wasan Sega, ya ɗan yi nawa kafin ya ɗaga. Na zata hannun ne ya lalace. Ashe talabijin ɗin zamani sai ya karɓi hoton ya sarrafa shi ya faɗaɗa kafin ya nuna maka, wannan ɗan jinkirin ba ka ganinsa a fim amma a gem yatsanka ne zai gaya maka. Da na samo tsohuwar talabijin mai doro inci 14 a wajen wata gwaggona da ta ajiye ta a sito, na jona, kai, kamar an mayar da ni shekara ashirin baya, launin ya zauna, motsi ya zo daidai da dannawa. Kuma wasan harbin agwagwa, Duck Hunt, a kan mai doron kaɗai bindigar take aiki. Yadda abun yake, in ka ja kunamar sai allon ya yi baƙi na ƙiftawar ido, a zana farin akwati a daidai inda agwagwar take, ɗan idon da ke cikin bakin bindigar ya duba ko ya ga haske. Fulasma ba ta kawo wannan hasken a kan lokaci, dan haka ko ka manna bindigar a jikin gilashin ba za ka samu komai ba. Yanzu talabijin mai doro biyu gare ni, kuma ina baƙin cikin yadda ake farfasa su ana cire tagullar ciki, dan ba a ƙera sababbi kamar da, wadda aka fasa ta tafi kenan.

Akwai kuma maganar PAL da NTSC, wato tsarin hoton talabijin iri biyu. Mu nan tsarin PAL muke bi irin na Turai, mai 50Hz, Japan da Amurka kuma NTSC mai 60Hz. In ka jona injin Japan a tsohuwar talabijin da ba ta karɓar tsari biyu, sai hoton ya fito baƙi da fari ko ya yi ta birgima. Abun da ya fi bani mamaki shi ne ranar da na kunna Sonic na 1991 a injin Japan bayan na saba da na Turai, na ji kiɗan ya ƙara sauri, shi ma gudunsa ya ƙaru. Wasanni da yawa na wancan zamanin a injin Turai suna tafiya da raguwar kusan kashi 17 cikin ɗari. Har yanzu kunnena ya fi yarda da mai nawan, dan shi na sani a gidan gem ɗin layinmu, duk da na san ɗayan ne yadda masu ƙirar suka nufa. Kaset ɗin Mega Drive na Japan ma siffarsa daban, ba ya shiga ramin injin Turai sai an goge gefen ramin, ni kuma na ƙi yarda a taɓa nawa da fayil, gara na nemi inji na biyu.

Kaset kuwa, dukanmu mun taso muna hura masa iska in ya ƙi tashi. Ni ma haka nake yi har sai da na buɗe wani na ga haƙoran sun yi kore. Danshin baki ne yake taruwa yana cin ƙarfen. Abun da yake sa ya tashi bayan hurawar yawanci cirewa da mayarwar ce. Yanzu tsinken goge kunne nake sawa da sifirit mai ƙarfi, na goge har audugar ta daina baƙi, na bari ya bushe. Lokacin hunturu kuwa ƙura ba ta barin komai, ko ka rufe taga sai ta shigo, shi yasa kowane inji na ɗinka masa riga wajen tela, kaset kuma suna cikin robobi masu murfi. Zafin bazara shi ma yana da nasa, robar Super Nintendo, wato Super Famicom na Turai da Amurka, da ma tana komawa ruwan ɗorawa in ta tsufa, rana na ƙara mata, dan haka na janye kantar daga bakin taga. Wani abun da ban sani ba sai da na rasa sebin ɗin wasan da na kwashe sati uku ina bugawa, shi ne akwai ɗan batiri irin na agogo, CR2032, a cikin kaset ɗin da ke ajiye ci gaba, in ya mutu komai ya goge. Batirin da aka saka tun 1992 ai ya yi ƙoƙari. Na koyi riƙe sodarin ayan saboda wannan kawai.

Na jabu ma sun ci kuɗina sau biyu kafin na iya rarrabewa. Na asali ya fi nauyi a hannu, takardar jikinsa ba ta ƙyallin banza, kuma kusoshin bayan kaset ɗin Super Nintendo irin masu kai kamar tauraro ne da sukudireban gida ba ya kwancewa. In ka buɗe na jabu yawanci ɗan allo ne ƙarami da ɗigon baƙin gam a tsakiya. Ba wai ina ƙin na jabun ba ne, da su muka taso, kuma ina da wasu da nake bugawa, abun da ba na so shi ne a sayar mun da shi da kuɗin na asali. Shi yasa ba na biya sai an kunna a gabana, in mai kaya yace ba wuta a shago, sai nace to mu yi cinikin wanda ba a gwada ba.

PlayStation na farko, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 1994, shi ne ya fi taɓa mun zuciya, saboda shi ne na zamanin gidan gem, a biya kuɗin wasa ɗaya, wanda aka ci ya miƙa hannu. Winning Eleven kenan, kowa na rububin ɗaukar Brazil ya mayar da Roberto Carlos gaba, mu kuma masu ɗaukar Najeriya mun dogara da gudun Tijjani Babangida a gefen dama, a tura masa ƙwallo kawai a danna gudu. Wanda na samu yanzu idonsa ya tsufa, wani lokacin sai na kifa shi a kan littattafai biyu kafin ya karanta faifai, dabarar da na gani tun ina yaro ban san dalilinta ba, ashe hanyar da idon ke zamewa a kai ce ta cinye, kifawar ke mayar da shi daidai. Memori kad ɗinsa gida 15 ne kacal, sai ka zauna ka yi shawarar wanne za ka goge.

Wasu abokai kan ce mun me ya kai ka wannan wahalar, ga emuleta, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin injinan, a waya, wasa dubu a kyauta. Ban musa ba, ni ma ina da ita, kuma ga wanda ba shi da hali ko wajen ajiya ita ce hanya. Amma danna gilashi daban, riƙe hannun Sega mai maɓalli uku daban. Inda na saɓa da wasu masu tarawa kuma shi ne masu sayen abu su kulle a kwali suna jiran ya yi tsada. Akwai lokacin da ni ma na fara zamewa can, ina sayen duk abun da na gani, har na tara kaset sun fi arba'in da ban taɓa kunnawa ba, uwargida ta zaunar da ni tace, Baban yara, wannan kuɗin da ke fita fa ka duba. Gaskiya ta faɗa. Na ware abun da zan iya kashewa a wata, na rabar da maimai, na yi wa kaina doka ba zan sayi sabo ba sai na buga wanda ke hannu. Inji ma in ya daɗe a ajiye ba a kunnawa sai ka zo ka tarar kafasito, ƙananan kayan wutar da ke cikinsa, sun zubar da ruwa sun ci allon da suke kai, haka wani Game Gear, ɗan gem ɗin hannu na Sega, ya mutu a hannuna, sauti ya fara ɗaukewa sannan hoto ya bi.

Ranar Asabar da ta wuce ɗan ƙanwata ya zo hutu, ɗan shekara tara, wanda bai san komai ba sai gem ɗin waya. Na kunna masa Contra, ya kalli hoton yace Kawu wannan ai bai fito sosai ba. Na miƙa masa hannu na biyu, na nuna masa sirrin ƙara rai, a danna sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A, rai talatin suka bayyana, ya zaro ido. Muka wuce dajin farko, a matakin ruwan da ake hawa sama ya yi ta barina a ƙasa allo na cinye ni, ina ce masa ka jira ni mana, yana dariya. Sai da aka kira la'asar muka ajiye, muna dawowa daga masallaci tun a zaure yake maimaita sama sama ƙasa ƙasa kar ya manta.