Abin da Auna Basirar Na'ura Ya Koya Mini

Kuskuren da ya fi tsada a aikin auna basirar na'ura shi ne a ga maki ya hau, sai a yi shelar na'ura ta kamo ɗan Adam. Za a ɗauko jarrabawa irin MMLU, wadda ta fito a 2020 da darussa 57, a ba manhaja, ta ci kusan kashi 90 cikin ɗari, a tura rahoto sama. Ba mai tsayawa ya tambayi shekara nawa tambayoyin nan da amsoshinsu suka yi a baje a intanet, alhali daga can aka kwaso rubutun da aka horar da ita. Ɗalibi ne da takardar jarrabawa ta kwana a hannunsa, hadda ya kawo.

Gane hakan ba wuya, haƙuri kawai yake so. A rubuta sababbin tambayoyi a ɓoye su, kada su taɓa hawa intanet. A sauya sunaye da lambobi, a juya jerin zaɓin amsa, a maimaita gwajin sau da dama. Sannan a cusa jimlar da ba ruwanta da lissafin. Masu bincike na Apple sun yi haka a 2024: yaro ya tsinki 'ya'yan kiwi 44 ran Juma'a, 58 ran Asabar, ran Lahadi ninkin na Juma'a, amma biyar a ciki ƙanana ne. Amsa 190 ce. Manhajoji da dama suka cire biyar ɗin, suka ce 185. Ɗan firamare ma ya san ƙanƙanta ba ta hana ƙirga.

Abin da ke ci mini rai, wanda ya gano irin wannan shi ake ɗora wa laifi. Ranar ƙaddamar da manhajar ta matso, na sama maki yake so, sai a ce kai ne mai kawo cikas. Ka rubuta abin da ka gani da kwanan wata, ka ajiye kwafinka.

Idan aka ce "daidai da mutum", ka tambaya wane mutum: gwanin fannin, ko wanda aka biya kuɗi kaɗan yana sauri ya gama?

Gwaninta a abu ɗaya ba ta nuna basira ta kowane fanni. A wasan Go, wani wasa mai kama da dara, manhajar AlphaGo ta doke gwanin wasan Lee Sedol da ci 4 da 1 a 2016, amma a 2023 wani da ba ƙwararre ba ya ci KataGo, wata manhajar Go mai ƙarfi, wasa 14 cikin 15 da dabarar da gwanin mutum zai hango tun daga nesa.

Shi ya sa na fi yarda da hanyar mai bincike François Chollet ta 2019, wato gwajin ARC: misalai kaɗan, matsalar da ba a taɓa gani ba, a ga saurin koyo. A nan ma a rubuta kuɗin da kowace amsa ta ci kusa da makin.

Kuma a maimaita gwajin da Hausa, wanda masu harshen suka rubuta da kansu, ba fassarar na'ura ba.