Bakin Fadamar Crissy Field da Rabon Fili Tsakanin Ruwa da Mutane

A gaɓar arewacin birnin San Faransisko na jihar Kaliforniya a Amurka, daf da ƙafar gadar Golden Gate, akwai wani filin shaƙatawa na jama'a mai suna Crissy Field, wanda faɗinsa ya kai kimanin eka 100. Na taɓa taka shi da ƙafa daga ƙarshensa na gabas har zuwa tsohon sansanin soja na Fort Point da ke ƙarƙashin gadar, kuma tun daga lokacin nake bin labarinsa. Yawancin masu ziyara da hoton gadar suke komawa gida, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata 'yar mashigar ruwa da ta haɗa teku da fadamar da ke tsakiyar filin. Lokaci zuwa lokaci yashi yakan toshe wannan mashiga, idan toshewar ta daɗe kuma sai an kawo motar haƙa ta buɗe ta. Duk mai son fahimtar yadda ake tsara wurin shaƙatawa a bakin teku, inda ake so mutane su ji daɗi kuma tsuntsaye da kifaye su samu mazauni, ya kamata ya tsaya ya tambayi dalilin toshewar.

Asalin wurin fadama ce ta ruwan gishiri mai faɗin eka 130 ko kusa da haka, wadda teku ke cikawa ya janye sau biyu a kowace rana. Mutanen Ohlone, waɗanda su ne 'yan asalin yankin, sun rayu a gefenta suna kamun kifi da tsintar kawa, kuma har yanzu akwai tarin ɓawon da suka bari binne a ƙasa. Da aka tashi shirya babban bajekolin duniya na shekarar 1915, wanda aka yi don murnar kammala mashigin ruwan Panama, sai aka cike fadamar da yashi da laka. A 1921 sojojin Amurka suka mayar da wurin filin jirgin sama, suka sa masa sunan Manjo Dana Crissy, wanda ya rasu a hatsarin jirgi a 1919. Tauraron filin ya dushe a 1936, ko da yake ƙananan jirage sun ci gaba da sauka har zuwa 1974. Lokacin da sojoji suka miƙa barikin Presidio, wanda filin ke cikinsa, baki ɗaya ga hukumar kula da gandayen ƙasa ta Amurka a 1994, abin da aka tarar a gaɓar shi ne kwalta da ta farfashe, da shingen waya, da ɓaraguzai, da ƙasar da man jirgi da sauran guba suka gurɓata.

An yi aikin gyaran tsakanin 1998 da 2001, bisa zanen kamfanin Hargreaves Associates, kuma ya ci kimanin dala miliyan 34, wadda fiye da rabinta ta fito daga iyalan Haas da gidauniyarsu, sauran kuma daga gudummawar jama'a da wasu hukumomi. An kwashe gurɓatattun abubuwa kimanin tan 87,000, an farfasa kwalta da kankare aka yi amfani da su a matsayin ciko a ƙarƙashin hanyoyi da wuraren ajiye motoci, sannan dubban 'yan sa-kai, ciki har da ɗaliban makarantu, suka dasa tsirrai 'yan asalin yankin fiye da 100,000. Wannan dashe da hannun jama'a yana daga cikin abubuwan da suka fi burge ni a aikin, domin yaron da ya durƙusa ya dasa ciyawa a kan jigawa da wuya ya dawo daga baya ya tattake ta. An buɗe filin a watan Mayu na 2001, kuma ta fuskar jama'a babu mai musun cewa ya karɓu: masu tafiya a ƙafa, da masu keke, da masu kamun ƙaguwa a kan tsohon dandamalin jiragen ruwa, da masu wasan allo da iska ke turawa a kan ruwa, duk suna cika shi kowace rana.

Inda magana take shi ne a rabon filin. Masu neman wuri sun yi yawa, kuma kowa da hujjarsa. Masu kishin tarihi sun nemi a dawo da siffar filin jirgin na farko a matsayin shimfiɗaɗɗiyar ciyawa, aka kuma ware masa kusan eka 28. Masu wasan ruwa suna bukatar gaɓar gabas da wurin ajiye motocinsu kusa da ita, domin kayansu suna da nauyi. Masu binciken kayan tarihi da zuriyar Ohlone sun nemi kada a haƙa inda aka gano tarin ɓawon kawa da kakanninsu suka bari, kuma wannan bukata ce da ta cancanci girmamawa. A kudu kuma ga titi da babbar hanyar da ke kaiwa gadar. Da aka gama ba kowa rabonsa, abin da ya rage wa fadamar bai wuce eka 18 zuwa 20 ba, alhali masana harkar ruwa sun nuna cewa tana bukatar kusan eka 30 kafin bakinta ya iya zama a buɗe da kansa.

Dalilin wannan lissafi yana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa gyara magudanar ruwa a ƙofar gidansa da damina. Igiyar teku a wannan gaɓa tana jan yashi daga wajen mashigin Golden Gate zuwa gabas, kuma duk inda ta tarar da buɗaɗɗen baki sai ta zuba yashin a ciki. Abin da ke share wannan yashi shi ne ƙarfin ruwan da ke fita daga fadamar idan teku ya janye. Idan fadamar tana da faɗi, ruwan da ta ɗauka a lokacin cikowa yana da yawa, saboda haka yakan fita da ƙarfi ya wanke mashigar. Idan kuwa ƙarama ce, ruwan yakan fita a hankali, yashi ya fi ƙarfinsa, bakin ya riƙa karkata yana tsawo har ya rufe. Da zarar ya rufe, ruwan da ke ciki ya daina sabuntawa, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa na iya raguwa, tsirran da suka saba da nitsewa da bushewa sau biyu a rana kuma su shiga wahala. An buɗe fadamar ga teku a watan Nuwamba na 1999, kuma cikin 'yan shekarun farko aka fara ganin abin da masanan suka hango.

Ba na cewa fadamar ta gaza. Na ga balbelu da zalɓe suna kiwo a gefenta, agwagwan ruwa masu ƙaura suna sauka a cikinta da hunturu, kuma wurin da a da ko ciyawar kirki ba ta fitowa ya zama mazaunin tsuntsaye iri-iri. Abin da nake cewa shi ne an bi tsarin rabon a juye. Filin ciyawa yana iya raguwa da eka biyar ba tare da mai shimfiɗa tabarma a kai ya lura ba, wurin ajiye motoci ma ana iya matsar da shi ko a rage shi, amma girman da fadama ke bukata ba abin ciniki ba ne, domin yashi da igiyar ruwa ba sa zuwa taron jin ra'ayin jama'a. A ganina, kamata ya yi a fara yanke wa ruwa abin da zai ishe shi, sannan a raba saura tsakanin mutane. Idan aka yi akasin haka, ƙasar da aka yi tsimi a ranar zane za a riƙa biyan kuɗinta shekara da shekaru ta hanyar haya da man motar haƙa. Wanda ya san yadda ambaliyar fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu bayan gina madatsun Tiga da Challawa zai gane wannan magana ba tare da dogon bayani ba, duk da cewa can ruwan kogi ne, nan kuma na teku.

Akwai wani ɓangare na tsarin da na ga an yi shi da basira, wato yadda aka raba hanyar mutane da wurin tsirrai. Babbar hanyar tafiya tana bin gaɓar daga gabas zuwa yamma, tana da faɗin da zai ɗauki masu keke da masu tura keken jarirai da masu keken guragu tare, an kuma yi gadar katako a kan fadamar domin mutum ya tsaya ya kalli tsuntsaye daga sama ba tare da ya shiga cikin laka ba. An kewaye jigayin yashi da gajeren shinge, aka bar ƙananan hanyoyi a tsakaninsu masu fita zuwa bakin ruwa. Mutane a ko'ina sukan bi hanyar da ta fi kusa, don haka idan mai zane ya ba su hanya mai daɗi zuwa inda suke so su je, ba sai an sa mai gadi ya riƙa korar su daga kan tsirrai ba.

Batun karnuka ne ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar wata tambaya ba a amsa ta tun farko ba. A San Faransisko mutane da yawa suna kiwon kare a matsayin ɗan gida, kuma sun saba sakin karnukansu su yi gudu a wannan gaɓa tun kafin gyaran. A yammacin gaɓar kuma akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai launin yashi, wanda Turawa ke kira snowy plover, da gwamnatin Amurka ta sa cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a 1993. Tsuntsun yakan huta a kan yashi tsawon watanni, kuma duk lokacin da kare ya taso shi yana ƙona ƙarfin da yake tarawa. An keɓe wannan yanki don kare namun daji, aka wajabta riƙe kare da igiya daga farkon Yuli zuwa tsakiyar Mayu. Amma yunƙurin kafa cikakkiyar doka kan karnuka a duk gandayen yankin ya ɗauki fiye da shekara goma ana tarurruka da ƙararraki, har hukumar ta janye shi a 2017. Ina tausaya wa ɓangarorin biyu, sai dai ina ganin da an zana iyakar a kan taswira tun ranar farko, da shinge da alamomi, aka kuma ba masu karnuka isasshen wuri nasu a gabas a rubuce, da rigimar ba ta yi tsawon da ta yi ba.

Abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa shi ne masu kula da wurin ba su ɗauki aikin 2001 a matsayin kammalalle ba. Da aka sake gina babbar hanyar zuwa gadar, aka tura wani sashe nata cikin rami, sai fili ya samu a kudancin fadamar. A ƙarshen 2020 hukumar Presidio Trust, mai kula da tsohon barikin, ta kammala sabon yanki mai kimanin eka 7 da ake kira Quartermaster Reach, inda aka fito da wani rafi da ya daɗe binne a cikin bututu, aka haɗa shi da fadamar ta manyan kwalbatoci a ƙarƙashin titin Mason. A jikin kwalbatocin an manna wasu alluna masu kaushi domin kawar yankin ta samu inda za ta kama. Yanzu ruwan daɗi daga maɓuɓɓugan Presidio yana gangarowa ya gauraya da na gishiri kamar yadda yake yi kafin 1915, kuma yawan ruwan da ke shiga ya fita ya ɗan ƙaru. A 2022 kuma aka buɗe wani lambu mai eka 14 a saman ramukan hanyar, wanda ya ba masu yawon shaƙatawa ƙarin wurin zama da wasan yara, ya kuma haɗa tudun barikin da gaɓar.

Tambayar da ke gaban masu tsarin yanzu ita ce hauhawar teku. Crissy Field ƙasa ce da aka cike, ba ta da tudu sosai, kuma a lokutan da teku ya fi cikowa ruwa yakan matso kusa da hanyar tafiya. Fadamar gishiri tana iya jure hauhawar ruwa idan tana da sarari a bayanta da za ta riƙa ja da baya a hankali, amma idan bayanta titi ne ko bango, sai ta nitse a inda take. Wannan yana nufin za a sake zama a teburin rabo, kuma a wannan karon filin ciyawar mai eka 28, wanda iska da sanyi ke hana mutane zama a yawancinsa, shi ne wurin da nake fatan a fara dubawa idan ana neman inda za a ƙara wa fadamar faɗi.